Dusar uraniyom ta Akokan: abin da masana suka auna

Ran 31 ga watan Maris na 2021 aka tsai da injunan kamfanin COMINAK a Akokan, kusa da garin Arlit, bayan shekara 43 ana haƙar uraniyom a ƙarƙashin ƙasa. Cikin waɗannan shekaru an fitar da wajen ton dubu 75 na wannan ƙarfe. Abin da ya saura a fili kuwa ton miliyan 20 ne na dusa, tsibi guda da ya cinye wajen eka 120 ta ma'aunin Faransa. A kan wannan tsibi masana ke ta bincike da gardama.

Dutsen Arlit ba ya da uraniyom da yawa. A ton guda na dutse ba a cika samun fiye da kilo biyar ba. Sai an niƙe shi, a jiƙa da ruwan asid, a tace, sannan a sami garin nan mai ruwan ɗorawa da ake durawa cikin tano a kai waje. Sauran niƙaƙƙen dutsen shi ne dusa. Mai ganinta sai ya ce tunda an cire ƙarfen, ai ta zama ƙasa kamar kowace. Masana ilimin kimiyya sun nuna ba haka ba ne. Uraniyom ƙarfe ne mai rikiɗa sannu a hankali, yana haifar waɗansu sinadarai, su ma su haifi waɗansu, kowane yana fitar da wani tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Injin tacewa uwar kawai yake ɗauka, ya bar ƴaƴan. Don haka kusan kashi 85 bisa 100 na tiririn dutsen yana nan cikin dusa. Ɗaya daga cikin ƴaƴan, radiyom, sai ya yi shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Wanda ke haifarsa, toriyom, sai shekara dubu 75.

Radiyom shi ke haifar radon, wanda iska ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, rabinta kan mutu cikin kwana huɗu bai cika ba. Amma kafin nan tana iya tasowa daga ƙasa ta shiga ɗaki ko ramin haƙa. In mutum ya shaƙe ta, ɓurɓushinta kan manne a cikin huhu ya yi ta ƙona naman wurin. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce bayan taba, radon na cikin manyan abubuwan da ke kawo sankarar huhu, kuma mai shan taba haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha wajen sau 25. Tsohon ma'aikacin rami da ke riƙe da sigari ya kamata a gaya masa wannan lissafi.

Da can ana tsammanin sai wanda ya shaƙi radon mai yawa, irin mahaƙan farko da suka yi aiki ba fanka a rami, shi cutar ke kamawa. Wani babban bincike mai suna PUMA ya tara labarin mahaƙan uraniyom fiye da dubu 100 na Amurka, Kanada, Faransa, Jamus da ƙasar Cek. A 2022 masu binciken suka bayyana cewa ko waɗanda aka ɗauka aiki daga 1960 zuwa gaba, lokacin da aka gyara iskar ramuka, haɗarin sankara yana ƙaruwa gwargwadon radon da mutum ya tara a jikinsa. Kaɗan ɗin ma ana lissafa shi. Sai dai babu ɗan Afirka ko ɗaya cikin lissafin, alhali SOMAIR na haƙa a Arlit tun 1971. Wata masaniyar tarihi, Gabrielle Hecht, ta nuna a littafinta na 2012 yadda aka daɗe ba a bin lafiyar mahaƙan Nijar da na Gabon kamar yadda ake bin ta Turawa. Sai a 2011 aka kafa hukumar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadas, OSRA.

Awon da aka yi cikin gari, ƙungiyoyi ne suka fara tona shi. A watan Disamba na 2003, masanan CRIIRAD ta Faransa suka zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir in'Man ta Almustafa Alhasan. Suka tarar da tsofaffin ƙarafan ma'aikata masu tiriri ana sayar da su a kasuwa, ga shi mutane na ƙera kayan gida da irinsu. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a kan titin Akokan, ta sami tiriri kusan sau 500 bisa abin da aka saba samu, domin da dutsen rami aka yi ciko. Cikin ruwa kala biyar da ta ɗiba, huɗu sun zarce iyakar uraniyom da OMS ta sa a lokacin. Uraniyom cikin ruwan sha ƙoda yake fara taɓawa. Kamfanin Areva, wanda ya zama Orano daga baya, ya musanta waɗansu daga cikin sakamakon, amma an kwashe ƙasar wuraren titin da aka nuna.

Shi kansa tsibin dusa, masanan duwatsu na Faransa sun haƙa cikinsa tare da kamfanin, suka buga sakamako a 2016 da 2022. Sun ga zafin rana da rashin ruwan sama sun sa saman tsibin ya yi ɓawo mai tauri kamar alli, kuma a ciki waɗansu gishiri da yumɓu suna kama ragowar uraniyom su hana shi tafiya da sauri. Labari ne mai daɗi, amma iyakarsa uraniyom. Ɓawo kan tsage, radon kuwa ta tsaga take fita, iskar hunturu kuma ba ta tambayar inda ƙura ta fito. Ga kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa na Tarat, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina. Ruwan saman yau bai isa ya mai da abin da aka ɗiba ba, balle ya wanke abin da ya ɓaci.

Shirin da Orano ya bayyana shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da dutsen yashi kauri mita biyu, a riƙa awon iska da ruwa bayan an gama. CRIIRAD ta ce a 2023 an yi latti, kuma rufin mita biyu ba zai kai shekarun da dusar ke bukata ba. Daga baya al'amura suka sake: a Disamba 2024 Orano ya ce SOMAIR ta fita daga hannunsa, a Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta mai da kamfanin mallakar ƙasa. Awon rijiyoyin Arlit, da na ɗakunan Akokan, da ajiye takardun asibitin kowane mahaƙi har tsufansa, duk aiki ne da ke jiran likitoci da masanan ƙasar. Ma'aunin radon ɗan ƙaramin gwangwani ne da ake ajiyewa a ɗaki wata biyu ko uku kafin a karanta shi.