Sankarar jini: Yadda agogo ya zama mai rabon abinci a gidanmu

Da ƙarfe shida na safe ta buga, wayoyi uku ne ke ƙara a gidanmu da ke Dakata: ta Umma, ta Yaya, da ta Auta, 'yar aji biyar a sakandare. Yaya zai haɗiye ƙwayoyinsa ya kora da ruwa zalla. Ga koko da ƙosai a rufe, ƙamshi ya cika tsakar gida, amma ba zai taɓa ba sai bakwai ta cika.

Yayanmu ma'aikaci ne a wani kamfanin robobi a Bompai, mako guda aikin rana, mako guda aikin dare. Shekara huɗu da suka wuce ya fara rama da yawan gajiya da gumin dare, saifarsa ta kumbura. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka gwada jininsa, aka ce yana da nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke kira CML.

Mece ce wannan cuta?

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A jikin mai CML, biyu daga cikin sandunan gado da ke cikin ƙwayar halitta, lamba 9 da lamba 22, su ne ke musayar gutsure. Daga nan sai ɓargon ya yi ta fitar da fararen ƙwayoyin jini babu ƙaƙƙautawa, kamar injin da makunninsa ya maƙale. A 1960 masana biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka fara gano alamar wannan matsala a birnin Filadelfiya na Amurka. A 2001 aka amince da maganin imatinib, wanda ke kashe wancan makunni. A 2003 aka fara ba da shi kyauta a Nijeriya ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da tallafin kamfanin Novartis da gidauniyar Max. Cutar da a da take kisa cikin 'yan shekaru, yanzu mutane na rayuwa da ita suna aiki, muddin suna shan magani kullum.

Cuta ɗaya, ƙa'ida biyu

Da imatinib Yaya ya fara. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a sha tare da abinci da babban kofi na ruwa, don kada ya tayar da zuciya ko ya ɓata ciki. Wannan ya yi daidai da abin da muka taso muna ji, cewa ba a shan magani da yunwa.

Bayan shekara biyu gwaji ya nuna maganin ya rage tasiri, likita ya sauya masa zuwa nilotinib. Nan ƙa'ida ta juye. Shi sau biyu ake sha a rana, da tazarar kusan awa 12. Dole mutum ya yi awa biyu bai ci komai ba kafin ya sha, ya kuma ƙara awa ɗaya bayan ya sha. Ruwa kaɗai aka yarda.

Sabo turken wawa. Kwanakin farko Yaya ya ci gaba da korawa da shayi da burodi a ƙofar kamfani, Hajiya kakarmu kuma tana dama masa fura don kada magani ya ci masa hanji. Sai da mai ba da magani a asibiti ya tambaye shi yadda yake sha, asiri ya tonu. Abinci na sa jiki ya zuƙi nilotinib fiye da yadda ake so. Takardar maganin ta nuna abinci mai maiƙo na iya ƙara yawansa a jini da kashi 82 cikin 100, kuma idan ya yi yawa yana iya rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwar fuju'a. Ranar duk jikinmu ya yi sanyi.

Muka zauna muka tsara jadawali, Auta ta rubuta a kwali ta manna a ƙofar kicin. Shida na safe da shida na yamma, ko wane aiki yake yi. Daga huɗu na yamma baki ya rufu sai bakwai. A makon aikin dare yana tafiya da tuwonsa a kula, ya ci a can, kuma daga huɗu na asuba ko mai shayi ya kira shi, sai dai ya ɗaga masa hannu. Lemon garehul an hana shi gaba ɗaya, domin yana ƙara ƙarfin magungunan biyu a jini. Idan ya manta bai sha ba, ba ya ninkawa, sai ya jira lokaci na gaba. Da azumi ya gabato kuwa, likita ya fara samu kafin ya yanke shawara, tunda tsakanin buɗa-baki da sahur bai kai awa 12 ba, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Tsallake kwana ba wasa ba ne

Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan, aka wallafa a 2010, ya bi diddigin masu shan imatinib. Cikin waɗanda suka sha fiye da kashi 90 na maganinsu, kusan 95 cikin 100 cutar ta kwanta sosai. Cikin waɗanda suka gaza haka, kusan 28 ne kawai. Ku yi lissafi: tsallake kwana uku a wata ya isa ya jefa mutum rukuni na biyu.

Yara masu nau'in da ake kira ALL kuwa, ƙwayar mercaptopurine suke sha kullum na tsawon lokaci. An daɗe ana cewa a sha da dare, ba da abinci ko madara ba. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a tsallake rana. Duk da haka, umarnin likitan yaro shi ne abin bi.

'Yan uwa ɗalibai, a gidaje da yawa mu ne masu karanta takardar magani, mu ne masu iya saita ƙararrawar waya. Idan an ba wani naku magani, ku yi tambaya uku kafin ku bar asibiti: da abinci ko babu abinci, ƙarfe nawa, kuma me za a yi idan an manta? Idan an sauya magani, ku sake tambaya daga farko. Idan kuma abokinku na aji ya ƙi cin awara lokacin tara saboda magani, kada ku matsa masa, kada ku guje shi. Ba a ɗaukar sankarar jini ta cin abinci tare ko zama benci ɗaya. Ku ajiye masa rabonsa har lokacinsa ya yi.