Malamin lissafi: aiki na jiransa, lambar aiki na yi masa nisa

Balleyara gari ne mai nisan kusan kilomita 100 daga Yamai, bisa hanyar Filinge. Duk ran Lahadi kasuwarsa na cika da dabbobi da hatsi, dillalai na ƙidayar jikkuna da ka ba kure. Ke nan ƴaƴan wannan ƙasa ba su rasa basirar lissafi ba. Abin da kwalejojin karkara suka fi buƙata shi ne mushen lissafi wanda zai zo ya zamna.

Ina waɗanda aka horas suke zuwa? Babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ce ke shirya malaman kwaleji da lise. Wanda ya fito da takardar koyar da lissafi ba ya daɗewa bai sami aji ba, domin masu wannan fanni kaɗan ne. Amma samun aji daban, shiga aikin gwamnati daban. Tun daga 1998, lokacin da Nijar ta soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka koma ƴan kwantaragi, malamai da yawa kan yi shekaru suna koyarwa da ɗan abin hannu kafin su sami lambar aiki.

Cikin wannan jira ne karkara ke yin hasara. Wasu su nemi a maida su Yamai, inda makarantun kuɗi da darasin gida ke ƙara musu abin masarufi. Wasu su bar alli su koma aikin ƙididdiga ko na kwamfuta. Rashin tsaro kuwa, wanda ya rufe ɗaruruwan makarantu cikin jahar Tilaberi, ya ƙara wa hanyar Kurfai nauyi.

Tun 2011 Balleyara ta rabu da Filinge ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Gunduma na buƙatar likita, malamin gona da mai awon hanya, dukansu kuwa ta ajin lissafi suke biyowa. Bubakar Ba, shugaban farko na Jami'ar Yamai wanda Jami'ar Tilaberi ke ɗauke da sunansa, masanin lissafi ne.

Saboda haka, ya ku mahukunta da uwayen yara, a gaggauta ba malami lambarsa, a sama masa masauki na mutunci cikin gari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.