Gidan da ya ƙi zuba sukari

Sau da yawa za ka ji masana kasuwanci na cewa ƙaramar sana'ar gado ko ta bi zamani ko ta mutu. Ba na raina maganar, domin gidaje da yawa sun rufe a kan haka. Amma akwai wani gida a unguwar Anderlecht ta birnin Burasel, a Beljiyam, da tarihinsa bai zauna cikin wannan ƙa'ida ba. Gidan dafa giya ne, sunansa Cantillon. Hukuncin giya a addini sananne ne, ba shi ya kawo mu ba. Sana'ar muke dubawa.

Paul Cantillon ya kafa gidan a 1900, kuma har yau zuri'arsa ke riƙe da shi. Ba sa zuba yis na kanti. Idan an tafasa ruwan alkama da sha'ir, sai a tura shi can saman bene cikin wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe, a bar shi ya kwana a buɗe, iskar dare ta sanyaya shi, ta kuma kawo ƙwayoyin da za su tsima shi. Daga nan sai gangunan katako, inda yakan kai shekara 3. Ko yanar gizo-gizo ba sa sharewa a ɗakin ajiya, domin gizon ne ke cinye ƙwarin da za su ɓata kaya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, masu saye suka koma wa abin zaƙi, sauran gidajen dafa giya suka riƙa ƙara sukari, wasunsu kuma manyan kamfanoni suka haɗiye su. Jean-Pierre Van Roy, malamin makarantar da ya auri 'yar gidan, ya karɓi ragama kasuwa na tangal-tangal. Da farko shi ma ya gwada ƙara zaƙi, amma daga baya ya daina, ya ƙi sukarin. Abin da ya yi shi ne mayar da gidan wurin tarihi a 1978, baƙi su biya su ga tsofaffin tukwane suna aiki.

Mai ja da ni zai ce ai wannan ma bin zamani ne. Na yarda da rabi. Hanyar samun mai saye suka sauya, har kayan ya kai Amurka da Japan, amma girkin na gado ne har yau, kuma shi mutane ke bin layi su saya.

Barazanar da Jean, ɗan Jean-Pierre, ke kuka da ita yanzu ta yanayi ce. Sai dare ya yi sanyi sosai ake iya girki, kuma watannin sanyin suna raguwa.