Ƙwayoyin Yara a Leda: Gardamar da Ke Tashi Duk Bazara a Amurka

Da zarar watan Afrilu ya kama, iyayen da suka yi wa 'ya'yansu rajistar sansanin hutun bazara a Amurka sukan fara samun wata takarda mai tayar da ƙura. Takardar kan ce duk yaron da ke shan magani kullum, kada a kawo shi da kwalabensa. A aika takardar likita ga wani kamfani, irin su CampMeds da ke jihar Fulorida, su ƙulle ƙwayoyin a 'yan ledoji, su aika wa sansanin kafin yaron ya iso. Daga nan sai surutu ya tashi. Wasu su ce dabarar tatsar kuɗi ce, wasu su ce ba za su yarda wani baƙo ya fitar da maganin ɗansu daga kwalbarsa ta asali ba. 'Yan uwanmu mazauna can kuwa, da jin "magani a leda" sai hankalinsu ya koma kan haɗin kemis, wato ƙwayoyi masu launi daban-daban da ake ƙulle wa mutum ba suna ba adadi.

Wannan fahimta ta ƙarshe ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin abubuwan biyu hannun riga ne. Haɗin kemis ɓoye bayani yake yi: ba ka san me ka sha ba, ballantana ka faɗa wa likita idan ya ɓata maka ciki. Ledar sansani kuwa bayani ne jikinta duka. An buga sunan yaro, da ranar da zai sha, da lokacin, da sunan kowace ƙwaya da ƙarfinta. Inji ne ke ƙirgawa ya liƙe, masanin magunguna mai lasisi ya duba, ledojin su fito a jere kamar yadda kwanaki suke a jere. Ba sabon abu ba ne ma. Asibitocin Amurka sun fara ware wa majinyaci maganin sha ɗaya a ƙunshinsa tun shekarun 1960, gidajen kula da tsofaffi suka ɗauka, kuma a 2018 kamfanin Amazon ya sayi PillPack, wanda sana'arsa ke nan, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 700. Mu kanmu mun san ɗan'uwansa: maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, a katinsa yake zuwa, an ware na kowace rana, an kuma bambanta na jarirai da na waɗanda suka ɗan tasa.

To me ya sa sansanonin suka nace? Sai mutum ya dubi aikin ma'aikaciyar jinyar wurin kafin ya gane. A 2006 jaridar New York Times ta ruwaito cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin yaran kowane sansani suna shan maganin likita kullum: na asma, na borin jini, na farfaɗiya, na damuwa, da na lalurar rashin natsuwa da ake kira ADHD. A ɗauki misalin sansani mai yara 300 a dazukan Maine ko tsaunukan Pocono na Pennsylvania, inda wasu kan yi mako bakwai ba su ga gida ba. Ko da mafi ƙarancin lissafi aka bi, yara 75 ke nan za su yi layi lokacin karin kumallo, kowa na ɗokin ya koma wurin abokansa. Wani kwalba ɗaya gare shi, wani uku, wani rabin ƙwaya yake sha, wani kuma uwarsa ta juye duka a mazubi guda ta rubuta bayani da biro. Haka za a sake da rana, a sake da dare.

Waɗanda suka yi zamanin biyan albashi a hannu za su fi kowa ganewa. Akwai akawun da ke zama a taga da buhun kuɗi, duk wanda ya zo ya duba sunansa a littafi, ya lasa yatsa ya ƙirga masa, mutane na turereniya a bayansa. Akwai kuma wanda tun jiya ya zauna a natse ya ƙirga na kowa, ya sa a ambulan, ya rubuta suna. Na farko ba ɓarawo ba ne, ba kuma jahili ba ne, amma kafin ya sallami mutum na sittin idonsa ya gaji, takarda biyu sun manne ya ƙirga su ɗaya. Na biyu aikinsa a taga bai wuce ya dubi fuska ya dubi suna ya miƙa ba. Idan ambulan ya kwana a teburinsa, ya san akwai wanda bai karɓa ba. Haka ledar safiyar Talata: in har tana nan da azahar, to yaron bai sha ba, ba sai an tsaya tuna baya ba. Kwalba ba ta wannan tonon asiri, sai an zazzage an ƙirga.

Sai dai ambulan bai fi takardar da aka bi aka cika shi gaskiya ba. Idan kuskure na jikin takardar likita, inji zai maimaita shi da aminci, leda bayan leda, har ƙarshen hutu. Idan kuma likita ya sauya adadin magani bayan an gama ƙullewa, dole a janye sauran a sake, ga sansani a daji. Shi ya sa kamfanonin ke neman takardu kimanin wata guda kafin buɗe sansani, suna kuma cin tarar wanda ya makara. A nan iyaye suna da gaskiya a ƙorafinsu. Inshora kan biya kuɗin maganin, amma ladan ƙullewa daga aljihun uba yake fita, bayan ya riga ya biya dubban daloli na sansani. Sansani ne ya fi morar sauƙin aikin, don haka ni ban ga dalilin da zai hana shi ɗaukar wannan nauyi ba, ko aƙalla ya bar iyaye su je kantin maganin unguwarsu, tun da da yawansu suna iya yin irin wannan ƙunshi.

Magungunan ADHD irin su Ritalin da Adderall suna da tasu wahalar. Dokar Amurka ta 1970 ta sa su a rukuni na biyu na magungunan da ake tsananta sa ido a kansu, ba a sake karɓarsu da tsohuwar takarda. Yaron da zai yi mako bakwai yakan buƙaci likita ya rubuta masa takardu fiye da ɗaya, kowace da ranar da za a fara amfani da ita. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da ƙarancin Adderall a Oktoban 2022, sai abin ya ƙara cakuɗewa. Amma irin waɗannan ƙwayoyi su ne suka fi dacewa da leda, domin su ne ake sacewa, su ne kuma doka ke son a san inda kowace ta shiga.

Ba komai ne ke shiga leda ba. Insulin na masu ciwon suga firji yake so. Abin shaƙa na masu asma da allurar EpiPen ta borin jini mai tsanani dole su kasance kusa da yaro, ko yana iyo ko yana hawan dutse. Maganin ruwa da wanda ake sha sai buƙata ta taso, su ma a mazubinsu suke zuwa.

Akwai kuma abin da babu injin da zai gyara. Wasu iyayen kan ga hutu ya zo, babu makaranta, sai su yanke wa yaro maganin natsuwa ko na damuwa ba tare da sanin likita ba, wai jikinsa ya huta. Wasu ma ba sa rubuta lalurar a fom, gudun kada a yi wa ɗansu wani kallo. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta faɗa a matsayarta ta 2011 cewa a guji irin wannan katsewa ga yaran da suka daɗe a kan magani. Dalilin a fili yake: yaro ya bar gida, ya shiga cikin baƙi, barcinsa ya sauya, ana koya masa harbin baka da tuƙa kwalekwale, abubuwan da ke son hankali a tattare. Wasu magungunan damuwa kuma idan aka tsayar da su farat ɗaya sukan jawo jiri da rashin barci da saurin fushi. Matashin da ke kula da ɗakin kwanan, wanda shi ma sau da yawa ɗalibin jami'a ne, zai ɗauka rashin ji ne ko kewar gida. Ma'aikaciyar jinya za ta buɗe akwatinta ta duba, ba ta ga leda da sunan yaron ba, sai ta mayar da shi cikin 'yan uwansa a matsayin lafiyayye.