Lissafin da ke nuna yawan kayan da wutar gida za ta iya ɗauka

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke tsananta a Yamai, Maraɗi da Damagaram, gidaje kan kunna fanka, firiji da sauran kaya gaba ɗaya. Sai makashin wutar da ke kusa da mita ya faɗi, ko waya ta fara warin ƙuna. Ana iya hango wannan tun da wuri da lissafi mai sauƙi.

Ma'auni biyu ake buƙata. Na farko shi ne ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt; wutar da kamfanin NIGELEC ke kai wa gidaje bolt 220 ce. Na biyu shi ne yawan wutar da ke gudana a waya, ana auna shi da amfiya.

Idan aka ninka bolt da amfiya, a samu wat, wato cin wutar na'ura. Dutsen guga mai jan amfiya 5 yana cin wat 1100. Gidan da aka daidaita makashinsa a kan amfiya 10 kuwa, iyakarsa wat 2200. Ke nan dutsen guga biyu sun cinye rabon gidan duka.

Idan kuma aka raba bolt da amfiya, a samu turjiya, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, ana auna ta da om. Bajamushe Georg Ohm ne ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827. Turjiyar dutsen gugar nan om 44 ce: 220 a raba da 5.

Ita ma waya tana da tata turjiyar, kuma siririya ko doguwa ta fi yawa. Zafin da take fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Doguwar wayar jone mai rabin om, da amfiya 5, zafin wat 12 da rabi take fitarwa. Da amfiya 10, ya kai wat 50. Wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, kuma idan zafin ya yi yawa robar waya na iya narkewa.

Masu amfani da hasken rana ma abin ya shafe su. Na'ura mai wat 120 a kan batir mai bolt 12 tana jan amfiya 10, alhali a kan bolt 220 kaɗan za ta wuce rabin amfiya. Shi ya sa batir ke buƙatar waya mai kauri kuma gajera.

Kafin a jona sabon kaya, a duba wat ɗin da ke rubuce a jikinsa, a haɗa da na sauran, a raba da 220. A bar rara, domin firiji da famfon ruwa na jan wuta fiye da ƙima a lokacin tashi. Idan jimillar ta zarce abin da ke jikin makashi ko wayar, a rage kaya, ko a kira ƙwararren mai gyaran wuta.