Daga Birnin Gwari Zuwa Abuja A Jirgin Ƙasa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Babu tashar jirgin ƙasa a Birnin Gwari, ba a kuma taɓa yin ta ba. Da Turawa suka shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta kudu suka bi: Minna, Sarkin Pawa, Gwagwada, har Kaduna. Da suka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, sai ya ratsa ta arewa. Birnin Gwari ta zauna a tsakiya, rabonta ya zama titin mota, wato tsohuwar hanyar Legas da ke fitowa daga Kaduna ta wuce Tegina. Shi ya sa garin ya fi sanin direbobin manyan motoci a kan ma'aikatan jirgi.

Duk da haka mutanen yankin na shiga jirgi: ɗan kasuwa, ma'aikaci, ɗalibi, mai kai marar lafiya babban asibiti. Jirgin da suke nufi shi ne na Kaduna zuwa Abuja, wanda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, ke gudanarwa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina layin, tsawonsa kimanin kilomita 186, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Yulin 2016. Yana tashi daga Rigasa ya ƙare a Idu, a hanya akwai ƙananan tashoshi irin su Kakau, Rijana, Jere, Asham da Kubwa.

Abin da mutumin Birnin Gwari ya kamata ya fara riƙewa shi ne tafiyarsa biyu ce, kuma ta farkon ta fi nauyi. Kafin ya ga tarago sai ya ci kimanin kilomita 120 a mota, ya wuce Kuriga da Udawa da Buruku, ya shigo Kaduna ta Mando. Daga nan ya bi baifas zuwa Bakin Ruwa, ya karya cikin Rigasa, ita kuma tashar tana can ƙarshen unguwar, ba a bakin babban titi ba. Wanda ya taso daga ƙauyuka irin su Randagi ko Kakangi, ya ƙara da tafiyar babur ko ta ƙaramar mota kafin ya iso garin. Saboda haka lissafin lokaci daga baya ake faro shi. Jirgin safe ba na wanda ya kwana a Birnin Gwari ba ne, sai dai ya shigo Kaduna tun jiya ya kwana wurin 'yan uwa. Mai sammako daga gida na rana zai nema, ya kuma bar wa kansa sarari saboda ramukan hanya da shingayen jami'an tsaro. Motar haya takan jira fasinja ta cika, jirgi kuwa in lokacinsa ya yi rufe ƙofa ake yi.

Sai maganar tikiti, inda yawancin ɓacin rai yake. A shekarun farko layi ake bi a tasha, kuma ƙorafin da ya fi yawa shi ne a ce tikiti ya ƙare a taga, amma ga wasu a waje suna sayar da shi ninkin kuɗinsa. A Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayarwa ta intanet don a toshe wannan kafa. Ta rage, ba ta toshe ba. Kujeru kaɗan ne, masu so da yawa, ba a kuma buɗe sayarwa sai tafiya ta matso, don haka a ranakun Juma'a da Lahadi da Litinin da lokutan Sallah cikin ɗan lokaci ake wawashe su. Ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan tsari ba ƙaramin cikas ba ne. Dabarar da ta fi ita ce ka sa wani amintacce a Kaduna ya saya maka, amma da sunanka da lambarka ta NIN. Tun da jirgin ya dawo aiki a ƙarshen 2022 ake neman wannan lamba, kuma a bakin shiga ana duba ko sunan da ke kan tikiti ya dace da katin shaidarka. Tikitin bayan fage mai sunan wani na iya jawo maka asara biyu: kuɗi ya tafi, jirgi ya tafi. Hoton tikitin ka adana shi a waya tun kana inda akwai sabis.

Kuɗin kujera hawa uku ne. A Disamban 2022 an sa na gama-gari Naira 3,600, na tsakiya 6,500, na manya 9,000. Farashi na sauyawa, haka ma jadawalin tashi, don haka a duba na ranar kafin a baro gida. A ganina mai tafiyar awa biyu da rabi ba shi da dalilin biyan na sama sai in na ƙasan ya ƙare. Duk taragun akwai na'urar sanyaya ɗaki da bayi, kuma lokaci ɗaya za ku isa.

Cikin jirgin, wanda ya saba da motar haya zai ji bambanci nan take. Kowa da lambar kujerarsa, babu cusa mutum huɗu a mazaunin uku, ana iya miƙewa a taka, tsoho da mai goyo suna samun sauƙi. Ana sayar da abin taɓawa amma da tsada, gara ka riƙe ruwanka da ɗan guzuri. Buhunan masara ko kaji ba wurinsu ba ne, jirgin fasinja ne mai ɗaukar jaka da akwati. Sai dai kada a ɗauka kullum haka yake lami lafiya. Fasinjoji sun sha ganin inji ya lalace a tsakiyar daji an yi zaman jiran wani ya zo ya ja, sanyi ya ɗauke, tafiyar ta haura awa uku ko huɗu. A lokutan cunkoso wasu kan yi tafiyar a tsaye. Jirgin ya taɓa gocewa daga layi a Kubwa a Janairun 2023, sannan a Asham ranar 26 ga Agustan 2025, inda taragu suka kife, mutane suka jikkata, aka dakatar da zirga-zirga na wasu makonni.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ta tsaro, kuma mutanen Birnin Gwari ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da 'yan bindiga ke iya aikatawa. Jirgin ya yi farin jini ne tun farko saboda masu garkuwa da mutane sun addabi titin Abuja, musamman wajen Rijana da Katari. Manya da ƙanana suka gudo daga mota suka cika taragu. A Oktoban 2021 aka fasa layin da abin fashewa, alamar da ya kamata ta ishi hukuma gargaɗi. Daren Litinin 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin da ya taso daga Abuja a kusa da Katari. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka kora fiye da 60 cikin daji, har da mata da ƙananan yara da tsofaffi. Aka riƙa sakin su kashi-kashi; mutum 23 na ƙarshe ba su fito ba sai ranar 5 ga Oktoba, bayan sama da wata shida. Jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba, aka soke tafiyar dare, aka ƙara jami'ai masu rakiya.

A nan ne labarin jirgin da na Birnin Gwari suka haɗu. Dajin Kamuku da ke yankin Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya manne da na Kuyambana a Zamfara, kuma ƙungurmin ya gangara ta Chikun da gabashin jihar Neja har ya kusanci inda dogon ya ratsa a Kaciya. Mai babur da ya san hanya yana iya ratsa shi ba tare da ya hau kwalta ba. Shekara da shekaru ana kashe manoma a Birnin Gwari, ana sace matafiya tsakanin Buruku da Udawa, ana ɗaukar abin kamar matsalar ƙauye. Sai da aka taɓa jirgin da manyan ƙasa ke shiga hankali ya dawo kan dajin. Sojan da ke zaune cikin tarago yana da amfani, amma lafiyar layin tana rataye ne da zaman lafiyar ƙauyukan da ke bayansa, kuma ban ga yadda za a samu ɗaya a bar ɗaya ba.

Tun watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu aka kuma sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru a rufe, motoci sun ƙaru a kan hanya, matafiya sun ɗan sami sa'ida. Abin godiya ne, sai dai sulhu ba dalili ba ne na yin sakaci. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya ta kwana, a tambaye su.

Sababbin layukan da ake ginawa, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka aza harsashinsu a 2021, babu wanda zai bi ta Birnin Gwari. Ribar da yankin zai ci daga gare su ta dogara ga gyaran titin Kaduna da na Funtuwa, kuma nan ya kamata wakilansa su matsa.

In ka kusa Abuja, ka san inda za ka sauka. Mai zuwa Kubwa, Dutse, Bwari, Gwarimpa ko Zuba ya sauka a Kubwa, ya fi masa kusa da arha. Idu tana gefen gari, kuɗin tasi daga can na iya kai kuɗin tikitin ko ya wuce, ko da yake jirgin cikin birni da ya dawo aiki a Mayun 2024 yana tsayawa a wurin. Wajen dawowa kuma, ka nemi jirgin farko na safe don ka sauka Rigasa da sauran rana. In na yamma ka samu, ka shirya wurin kwana a Kaduna, ka kama hanyar gida da safe.