Rabilu Musa Ibro: Gandireban da ya bar aiki ya zama sarkin barkwanci

Fiye da shekara 10 ke nan da rasuwar Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta fi sani da Ibro, amma a nan Gure har gobe ana jin muryarsa daga wayoyin matasa a fada da teburin mai shayi. Guntayen finafinansa na yawo daga waya zuwa waya, har yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna kwaikwayon maganarsa.

An haife shi a 1971 a garin Ɗanlasan da ke jihar Kano a Nijeriya. Ya yi aikin gandireba kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim, a daidai lokacin da kasuwar kaset ɗin bidiyo ke bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990.

A lokacin, soyayya da rawa da waƙa ne suka mamaye finafinan Hausa, shi ya sa ma a Nijar ake ce musu dandalin soyayya. Ibro ya bi ɓangaren da ake kira camama, wato fim mai ƙaramin jari wanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki. A irin wannan fim ba a cika rubuta wa ɗan wasa abin da zai faɗa ba. Darakta ya bayyana yadda fitowar za ta kasance, sauran kuma sai abin da ya zo bakin ɗan wasa. Nan ne gwanintarsa take: abokin wasa ya jefo magana, shi kuma ya cafe nan take.

Bai tsaya a kama ɗaya ba. Yau Bafulatani ne da ya shigo birni, gobe boka, jibi ɗan daudu. Ya kuma riƙa ɗauko abin da duniya ke magana a kai, kamar a Ibro Usama da Ibro Awilo. Mai kallo na dariya, amma yana gane maƙwabcinsa, wani lokaci ma kansa.

Barkwancin bai bar shi lafiya ba. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata 2 kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandireba ya koma gidan yari a matsayin fursuna.

Ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda. Irin su Bosho da Daushe da Nabraska sun ci gaba da jan ragamar barkwanci.

Sai dai akwai abin dubawa. Tunda yawancin maganganunsa ba a takarda suke ba, kaset da faifan CD ne suka adana su, kuma zafi da ƙura na cinye su. Duk fim ɗin da ya lalace ba a kwafe shi ba, ya tafi ke nan.

Allah ya jiƙansa da rahama.